Biskit na gida da "soda": bambancin hodar da ke tayar da kwaɓi da wadda ke ƙona maƙogwaro

Akwai wani haɗin biskit da ya daɗe yana yawo a shafukan girke-girke na Facebook da TikTok, wanda masu yaɗa shi ke cewa ko yaro zai iya: kofi huɗu na gaurayayyen gari, kofi ɗaya na kirim mai tsami, kofi ɗaya na "soda", sai rabin kofi na narkakkiyar bota. A kwaɓa, a yanka, a gasa na minti 12 zuwa 15, shi ke nan. Asalinsa daga Amurka ne, kuma a can ɗin da gaske yana da sauƙi. Amma kafin ya iso wayar uwargida a Mabera ko Runjin Sambo, uku daga cikin kalmominsa sun riga sun sauya ma'ana a hanya. Biskit ɗin ya sha bamban da na shagon unguwa, garin ya wuce fulawa tsura, ita kuwa soda, a birnin Sakkwato suna ne da aƙalla abubuwa uku ke amsawa, kuma ɗaya daga cikinsu guba ne.

Biskit iri biyu

Kalmar biskit ta samo asali ne daga harshen Latin, inda take nufin abin da aka gasa sau biyu. A da can matuƙa jiragen ruwa na Turai kan yi guzurin busasshen burodi da aka gasa har ruwan jikinsa ya ƙare don ya jure watanni a kan teku, kuma daga nan ne biskit ɗin kabin da yaran makarantun kwana suka sani ya gaji sunansa. Nijeriya ta ɗauki ma'anar Ingila: abu busasshe, mai ƙaras-ƙaras, wanda ke daɗewa a gwangwani.

Abin da Ba'amurke ke kira biskit kuwa wani ɗan curi ne mai laushi, kamar ƙaramin burodi da ba a sa wa yis ba, ana cin sa da zafinsa da miya ko zuma ko shayi. Kwana biyu ya ishe shi ya bushe, idan kuma aka kulle shi a leda da ɗuminsa sai ya yi funfuna. Wadda ta yi shi da niyyar zubawa a bokitin gara ko kai wa mai shago ya sayar mata cikin mako, asara ta yi tun kafin ta kunna wuta.

Ɗan'uwan biskit na kusa a girkin Hausa shi ne gireba, wadda ake kwaɓa fulawa da sukari da mai, a barbaɗa riɗi a kai, a gasa. Sunanta da tsarinta sun yi daidai da guraiba ta ƙasashen Larabawa. Tana cikin kayan gara tare da alkaki da nakiya da dubulan da cincin, kuma dukansu an tsara su ne don su daɗe, saboda suga da mai sun rinjayi ruwan da ke cikinsu.

Garin da aka riga aka haɗa

Sauƙin haɗin Amurka yana cikin kwali ne. A shekarar 1930 wani jami'in tallace-tallace na kamfanin General Mills mai suna Carl Smith ya nemi abinci a jirgin ƙasa bayan lokacin cin abinci ya wuce, sai aka kawo masa biskit mai zafi cikin 'yan mintuna. Da ya tambayi kuku sirrin, sai ya tarar mutumin ya riga ya murje fulawa da kitse da gishiri da bekin foda ya ajiye a kan ƙanƙara, ruwa kawai yake ƙarawa. Kamfanin ya nemo man da ba ya saurin lalacewa a kan kanta, ya fitar da haɗin a 1931 da sunan Bisquick. Tun kafin nan, a 1845, wani mai gidan burodi a Bristol ta Ingila, Henry Jones, ya yi rajistar fulawa mai tashi da kanta, wato wadda aka riga aka zuba wa sinadarin kumburi.

Irin wannan kwali ba kayan Tsohuwar Kasuwa ba ne, kuma babu dalilin neman sa. A kowane kofi ɗaya na fulawa, a sa cokalin shayi ɗaya da rabi na bekin foda, da rubu'in cokalin shayi na gishiri, da cokalin cin abinci ɗaya na bota, a murje da yatsu har ya zama kamar tsaki. Wannan shi ne gaurayayyen garin. Wanda aka sa wa bota sai dai a ajiye shi a wuri mai sanyi ko a yi amfani da shi nan take. Wanda ba a sa wa mai ba kuwa yana iya makonni a mazubi mai murfi.

Soda ta farko: lemun kwalba

A bakin Amurkawa da yawa, soda na nufin lemun kwalba mai gas. Haɗin da ake magana a kai da 7Up ake yin sa, lemun da aka fara sayarwa a birnin St. Louis a 1929, wanda kuma aka fara haɗawa a Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960, ranar samun 'yancin kai. Masu yaɗa haɗin kan ce kumfar lemun ce ke tayar da kwaɓin. Gaskiyar ita ce yawancin gas ɗin yana ficewa tun ana juyawa da cokali. Abin da lemun ke bayarwa shi ne ruwa da suga da ɗan tsami, aikin kumburin kuwa hodar da ke cikin garin ce ke yin sa. Saboda haka ruwan sanyi kofi ɗaya, da cokali biyu na sukari, da ɗan matsin lemun tsami, suna maye gurbin kwalbar ba tare da an rasa wani abin kirki ba. Kirim mai tsami ma haka: kindirmo mai kauri yana yin aikinsa, sai dai da yake maiƙon kindirmo bai kai na kirim ba, akan ƙara cokali ɗaya ko biyu na bota.

Soda ta biyu: ta girki

Hatsarin farko yana faruwa ne idan mai karatu ta ga "soda" ta ɗauka bekin soda ake nufi. Kofi guda na bekin soda a cikin kofi huɗu na gari ba zai ciwu ba, domin abin da kofi ɗaya na fulawa ke buƙata bai wuce rubu'in cokalin shayi ba.

Bekin soda, wadda masana kimiyya ke kira sodiyam baikabonet, sinadari ne dangin kanwa. Idan ta haɗu da abu mai tsami a cikin ruwa, sai ta saki iskar kabon dayoksaid, iskar ta maƙale a cikin kwaɓi ta buɗa shi, zafin wuta kuma ya daskarar da shi a buɗe. Idan babu tsami, zafi kaɗai na iya sa ta saki wani ɓangare na iskar, amma sai ta bar wani saura mai ɗanɗanon sabulu, biskit ɗin ya yi rawaya-rawaya, ya riƙa kama harshe. Shi ya sa ba a sa ta sai a kwaɓin da ke da nono ko kindirmo ko ruwan tsamiya ko lemun tsami. Rabin cokalin shayi yana kashe tsamin kofi ɗaya na nono.

Bekin foda, wadda bakin mutane ya lanƙwasa zuwa "baƙar hoda" alhali fara ce tas, bekin soda ce da aka haɗa da busasshen tsami da sitaci. Sitacin na tsotse laima don kada biyun su yi aiki tun suna cikin gwangwani. Wani masanin haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya haɗa ta a 1843 saboda matarsa ba ta jure wa yis. Eben Horsford na Jami'ar Harvard ya kawo irin tsamin da ake samu daga sinadarin fosfet a shekarun 1850, August Oetker kuma ya fara sayar da ita a ƙananan fakiti a Jamus a shekarun 1890. Yawancin ta yau tana aiki sau biyu: kaɗan idan ruwa ya taɓa ta, sauran idan ta ji wuta. Da yake an sirka ta, ƙarfinta bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na bekin soda ba. Wanda ya musanya ɗaya da ɗaya cokali da cokali, ko dai kwaɓinsa ya ƙi tashi, ko ya tashi ya faɗi da ɗaci.

Matsalar ita ce a kasuwa ba kullum ake sayen su a gwangwaninsu ba. Tsadar kaya ta sa 'yan tireda da masu kayan kek suna buɗe babban mazubi su ƙulla a ƙananan ledoji, babu suna, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC. Ana iya bambance su a gida da gwaji mai sauƙi. A zuba rabin cokali a ruwa mai ɗumi: bekin foda mai rai za ta yi kumfa, ruwan ya yi fari saboda sitaci, bekin soda kuwa za ta narke kusan shiru, sai an ɗiga mata lemun tsami sannan ta taso. Hodar da ta ƙi kumfa da ruwan zafi ta mutu. Hakan ya fi faruwa da damina, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da laima ke ratsa leda ta cinye ƙarfin hodar tun tana kan teburin mai sayarwa.

Akwai kuma batun gishiri. Cokalin shayi ɗaya na bekin soda na ɗauke da sodiyam fiye da miligiram 1,200, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai miligiram 2,000 a yini. Idan aka raba rubu'in cokali a biskit goma ba wani abu ba ne, amma mai hawan jini da ke shan ta da ruwa don maganin ƙwannafi ya kamata ya san abin da yake haɗiya.

Soda ta uku: ta sabulu

Wannan ce ke kai mutane asibiti. Soda da ake haɗa sabulu da ita, kostik soda, ita ce sodiyam haidroksaid, kuma a bakin masu sana'ar "soda" kawai ake ce mata, kamar yadda ake cewa sabulun soda. Fara ce, tana zuwa a ɓarje-ɓarje ko ƙwayoyi masu kama da sukari mai tsakuwa. Idan aka narkar da ita, ruwan yakan ɗauki zafi da kansa, daga baya ya huce ya zama garau, ba launi, ba wari, ba abin da zai bambanta shi da ruwan sha. Akwai kuma soda ash, wadda ita ma ta sabulu da wanki ce, ba ta ci ba.

Abin da ya sa zancen ya shafi masu gashi shi ne sana'o'in biyu a gida ɗaya suke zama. Shirye-shiryen koya wa mata sana'a a Arewa sun saba haɗa yin kek da cincin da yin sabulun ruwa a zama guda, kuma matar da ke gasa gireba da safe ita ce ke dama sabulu da yamma. Kayan biyu duka fari ne, duka a leda marar suna, kuma sau da yawa yaro ake aika ya sayo. Likitocin yara da na kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Nijeriya sun sha wallafa rahotanni kan yaran da suka sha narkakkiyar kostik soda da aka ajiye a robar ruwa ko kwalbar lemo. Tana ƙona baki da maƙogwaro da hanyar abinci, kuma ko yaron ya rayu, tabon da ke biyo baya yakan tsuke hanyar har ya kasa haɗiya, a shafe watanni ko shekaru ana buɗa ta, wani lokacin sai da tiyata.

Idan hakan ta faru, kada a sa mutum amai, domin sinadarin zai sake ƙona inda ya bi. Kada a ba shi lemun tsami ko ruwan tsami da sunan kashe ƙarfinta, kada kuma a ɗura masa manja kamar yadda aka saba. A wanke baki da fata da ruwa mai yawa, a ɗauki mazubin abin da ya sha, a nufi asibiti nan take. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na jiha. Farar hodar da ba a san ko mece ce ba kuwa, ba a gwada ta da harshe.

Ina matsayin kanwa

Tun kafin gwangwanin hoda ya shigo, ƙasar Hausa ta san wannan kimiyya. Kanwa cakuɗe ce ta sodiyam kabonet da baikabonet da sauran gishirai, wadda fatake suka shafe ƙarnoni suna kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, da kuma kwarin Dallol Bosso da Dallol Fogha a Jamhuriyar Nijar, yamma da Sakkwato. Idan mai masa ta zuba ruwan kanwa a ƙullin da ya kwana ya yi tsami, abin da bekin soda ke yi wa nono shi take yi: ta rage tsami, ta saki iska, masar ta yi saƙa. A ɗan wake da miyar kuka kuma aikinta daban ne, na laushi da yauƙi.

Ana iya tayar da biskit da ruwan kanwa idan akwai nono a kwaɓin, sai dai ƙarfinta ba ɗaya ba ne. Ungurnu daban, jar kanwa daban, kuma ko curi biyu daga buhu ɗaya suna iya bambanta, ga yashi da ke ciki. Tsofaffin hannu da ido da harshe suke auna ta, abin da sabuwar mai koyo daga waya ba ta da shi. Ga wadda ke gasa na sayarwa, da ke son na yau ya yi daidai da na jiya, hodar da aka auna a masana'anta ta fi rufin asiri.

Awo, zafi da tukunya

Kofin da girke-girken Amurka ke nufi mililita 240 ne. Gwangwanin madarar ruwa da ake awo da shi a gidaje kusan kashi biyu cikin uku ne na wannan. Wadda ta auna fulawa da gwangwani, ta kuma auna hoda da cokali yadda aka rubuta, ta zuba hodar da ta ɗara ƙa'ida da kusan rabi. Yawancin ƙorafin cewa biskit ya yi ɗaci daga nan yake tasowa.

Sai yanayi. Laushin biskit irin na Amurka ya dogara ne ga ƙananan gutsattsarin bota da ba su narke ba har sai sun shiga wuta, inda ruwan jikinsu zai zama tururi ya raba kwaɓin falle-falle. Bota tana narkewa tun daga wajen digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, a garin da zafin Afrilu ke haura 40. Ke nan da bazara sai an yi aikin da asuba, da ruwan sanyi, da hanzari, ko a haƙura da falle-fallen. Hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, shi ne lokacin wannan biskit a Sakkwato. Gireba ba ruwanta da wannan damuwa, tunda da man gyaɗa ake murza ta.

Kwaɓin ba ya son luguden hannu. Idan aka murza shi kamar na burodi, sinadarin gulutin da ke cikin alkama zai yi danƙo, biskit ya fito da tauri. A haɗa kawai har gari ya ɓace, a baje shi da kaurin yatsa biyu, a yanka da bakin kofi ba tare da murɗawa ba, a jera su suna taɓa juna a kan narkakkiyar botar da ke cikin faranti. Mai laushi yana son wuta mai ƙarfi, wajen digiri 220, mai ƙaras-ƙaras kuwa 170 zuwa 180 da ƙarin lokaci.

Rashin tabbas na wutar lantarki da tsadar gas sun sa da yawa suna gashi a babbar tukunya: a zuba yashi mai tsafta ko tsakuwa a ƙasa, a ɗora ƙarfe ko gwangwanaye, a rufe ta yi zafi na minti 10 zuwa 15 kafin a sa faranti. Da yake zafin daga ƙasa yake zuwa, ƙasan biskit kan ƙone samansa bai nuna ba, maganinsa shi ne a zuba garwashi a kan murfi. Tukunyar ta riga yin zafi kafin a jiƙa garin, domin daga lokacin da ruwa ya taɓa hoda ta fara sakin iskarta.

Fulawar kanta

Duk wannan lissafi a kan fulawa yake, ita kuwa daga waje take. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Nijeriya ke ci shigo da ita ake yi, miliyoyin tan a kowace shekara. An sha yunƙurin sauya hakan, kuma tsohuwar Jihar Sakkwato na tsakiyar labarin. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978, an gina ta ne da burin noman rani har da na alkama, kuma a nan ne 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu a Afrilun 1980. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, ta janye hanin a 1992 ba tare da noman gida ya cike gurbin ba. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022, da sakin darajar naira a Yunin 2023, sun sake ɗaga farashin buhu, kuma mai gashin gida da ke sayen mudu-mudu ita ce ke biyan mafi tsada.

A nan biskit ya fi burodi sassauci. Tunda ba ya buƙatar danƙon gulutin, ana iya maye kusan rubu'in fulawarsa da garin gero ko dawa da aka niƙa da laushi aka tankaɗe, musamman a irin mai ƙaras-ƙaras. Launinsa zai ɗan duhunta, zai fi saurin marmashewa, amma yana da ƙamshin da fulawa tsura ba ta da shi. Sai dai a sani cewa tun 2002 doka ta wajabta wa masana'antu ƙara sinadarin bitamin A a fulawa, garin gida kuwa ba shi da wannan ƙarin.

Akwai farar hoda guda da ba ta da gurbi a kwaɓin gida ko kaɗan. Fotasiyam biromet, da wasu gidajen burodi ke sawa don burodi ya kumbura ya cika ido, NAFDAC ta haramta shi tun farkon shekarun 2000, zamanin shugabancin Dora Akunyili, bayan da cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ake zargin suna haddasa sankara. Hukumar na ci gaba da gargaɗin masu burodi a kansa har yau. Aikinsa ƙarfafa gulutin ne a kwaɓin yis, wato abin da biskit ke gudu. Duk wata hoda marar suna da aka miƙo wa mai gashi da cewa tana "ƙara auki", ba ta da abin da za ta yi wa biskit, kuma ofishin NAFDAC na jiha yana karɓar ƙorafi a kan irinta.